Idan Arsenal ta sake yin ta biyu a kakar 2025/26, gazawa za mu kira shi ko ci gaba?

Tsohon Magoyi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata al'ada da na daɗe a kanta: duk watan Agusta, kafin a buga wasan farko, nakan ɗauki wani ƙaramin littafi in rubuta matsayin da nake sa ran Arsenal za ta ƙare a teburin Firimiya, in sa kwanan wata, sannan in rufe shi har sai watan Mayu. Jiya na buɗe shi domin in rubuta na bana, wato na kakar 2025/26, sai na tarar alƙalamin ya ƙi sauka, domin shekara uku ke nan a jere ina rubuta "ta ɗaya" kuma ƙungiyar tana ƙarewa ta biyu.

A kakar 2022/23 mun shafe kwana 248 a saman teburi, amma Manchester City ta wuce mu a ƙarshe da maki 89, mu kuma muna da 84. A kakar da ta biyo baya mu ne muka haɗa 89 ɗin, sai City ta haɗa 91. A wadda ta wuce kuwa, wato ta 2024/25, da City ta yi tuntuɓe kowa ya ce lokacinmu ne, sai muka tsaya a 74, Liverpool ta ɗauki kofin da 84 a shekarar farko ta kocinta Arne Slot. Zuwa wannan Agusta na 2025, rabonmu da kofin Firimiya tun 2004, kuma tun da koci Mikel Arteta ya karɓi ƙungiyar a Disambar 2019 babban kofi ɗaya ya ci, wato na FA a 2020.

Yanzu an kawo ɗan wasan gaba Viktor Gyökeres daga Sporting, an kawo Martín Zubimendi daga Real Sociedad, ga Madueke da Nørgaard da Mosquera da Kepa. Tambayata ita ce, mene ne adalci mu sa rai da shi? Shin ya dace mu ce ko dai kofin Firimiya ko kuma an gaza, ko kuwa wannan zalunci ne ga kocin da ya tarar da ƙungiyar a tsakiyar teburi? Ina neman ra'ayinku kafin in rubuta wani abu a littafin nan.

Mai Lissafi ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Baba. Ni a ganina kafin a yi maganar fata, ya kamata a fara duba inda makin bara ya zube, domin mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan rashin ɗan wasan gaba, alhali labarin ya fi haka tsawo.

Wasa huɗu kacal aka doke Arsenal a Firimiyar bara, kuma ita ce aka fi ƙarancin zura wa ƙwallo, guda 34. Abin da ya kashe ta shi ne canjaras har sau 14. Kowane canjaras asarar maki biyu ne, saboda haka a nan kaɗai maki 28 ya tafi, alhali tazarar da Liverpool ta ba mu maki 10 ce. Da an mayar da biyar daga cikin waɗannan wasanni nasara, da mun yi kankankan da su a maki. Sannan a tuna da jan katin farkon kaka: na Declan Rice a wasan Brighton da aka tashi 1-1, da na Trossard a gidan City da aka tashi 2-2 bayan mun kare kanmu da mutum goma har kusan busar ƙarshe, da na Saliba a gidan Bournemouth inda aka doke mu 2-0. Maki bakwai ke nan a wasa uku kafin a shiga Nuwamba.

Bayan wannan sai rauni ya biyo. Ødegaard ya ji ciwo a idon sawu a watan Satumba yana buga wa Norway, Saka ya tafi jinya a Disamba, Gabriel Jesus ya samu rauni a gwiwa a Janairu, Havertz kuma ya bi su a Fabrairu, har ta kai Mikel Merino, wanda ɗan wasan tsakiya ne, shi ake sa wa a gaba. Ƙwallayen da muka ci sun sauko daga 91 zuwa 69, kuma babu ɗan wasanmu ko ɗaya da ya kai ƙwallo 10 a gasar. Havertz ne ya fi kowa, da 9.

Saboda haka abin da nake sa rai da shi a bana adadi ne: maki 85 zuwa sama, da ɗan wasa ɗaya aƙalla da zai wuce ƙwallo 15. Wannan shi ne abin da ke hannun ƙungiyar. Ko makin zai isa a ɗauki kofi, wannan ya dogara da abin da wasu suka yi, kuma Liverpool shaida ce, domin ta haɗa 97 a kakar 2018/19 ta ƙare ta biyu saboda City ta haɗa 98.

Gaskiya Ɗaci ta rubuta:

Malam Mai Lissafi, na gode da alƙaluman nan, amma ka yi haƙuri, ban gamsu ba. Duk shekara akwai dalili mai kyau. A 2023 an ce raunin Saliba ne a wasan Sporting a watan Maris, a 2024 an ce Aston Villa ce ta zo filinmu na Emirates ta ci mu 2-0 a watan Afrilu, a 2025 an ce alƙalai ne da jinya. Kowane ɗaya gaskiya ne, sai dai idan dalilai na gaskiya suka jeru shekara uku, to sun zama hali.

Wasan Villa ɗin nan har yau bai bar raina ba. Tun daga Janairu muna cin kowa, wasa 16 muka ci daga cikin 18 na ƙarshe, ga shi a ranar Liverpool ta riga ta sha kashi a hannun Crystal Palace, hanya ta buɗe. Na zauna ina kallon agogo ya wuce minti 80 babu ci, ina cewa ko canjaras ne a samu, sai Bailey ya zura, kafin in gama ajiyar zuciya Watkins ya ƙara. Na kashe talabijin ɗin, na bar wayata a kife har gari ya waye. Ta leƙo ta koma ke nan, kuma ba na son a sake ce mini in yi murna da maki 89 alhali kofin yana Manchester.

Ku dubi Tottenham a zamanin koci Pochettino. Sun haɗa maki 86 a kakar 2016/17 suka yi na biyu, sun kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2019, kowa yana yaba tsarinsu, amma ba su ɗaga komai ba, kuma a Nuwambar wannan shekarar aka sallame shi. Ƙungiyar da ta yi ta zuwa bakin ƙofa ba ta shiga ba, wata rana ƙwararrunta za su gaji su nemi inda ake shiga. Saliba da Saka da Rice ba za su dawwama suna jira ba.

An kashe fam miliyan 105 a kan Rice kaɗai a 2023, yanzu kuma an sayo ɗan wasan gaban da aka shekara ana kuka a kansa. Uzuri ya ƙare. Ni dai, Baba, ka rubuta "ta ɗaya", ka kuma ja layi a ƙarƙashinta. Idan ba a samu Firimiya ko Kofin Zakarun Turai ba, ni a wurina gazawa ce, kuma ya kamata a zauna a yi maganar makomar kocin.

Ɗan Adawa ya rubuta:

Ku ba ni dama in sa baki duk da ni magoyin bayan Manchester United ne, kuma mu ne za mu karɓi baƙuncinku a Old Trafford ranar 17 ga Agusta. Ina karanta kokenku ina murmushi, domin mu na 15 muka ƙare a bara da maki 42, sannan Tottenham ta doke mu 1-0 a Bilbao a wasan ƙarshe na Europa. Burinmu na bana shi ne mu koma cikin shida na sama, kuma ko wannan wasu daga cikinmu suna ganin mun cika baki.

Amma ga wata tambaya gare ki, 'yar'uwa Gaskiya Ɗaci. Tottenham ta ƙare ta 17, an doke ta sau 22 a gasar, amma ta ɗauki kofi, na farko cikin shekara 17, sannan ta kori kocinta Postecoglou bayan 'yan makonni. Ku kuma kun yi na biyu, kun ci Real Madrid gida da waje, kun kai wasan kusa da na ƙarshe kafin PSG ta fitar da ku. Za ki yarda a musanya miki kakarku da tasu? Idan amsar a'a ce, ashe kofi kaɗai ba shi ne ma'aunin da kike amfani da shi ba.

Mai Lissafi ya rubuta:

Tambayar Ɗan Adawa ta yi ma'ana, kuma ina so in ƙara wani abu game da Gyökeres, domin ina ganin an fara cinikin biri a sama. Gaskiya ne ya ci ƙwallo 39 a gasar Fotugal a bara, amma Darwin Núñez ma daga can ya zo Liverpool a 2022 da suna mai girma, kuma kowa ya ga wahalar da ya sha. Masu tsaron bayan Ingila sun fi ƙarfi da sauri, kuma yawancin ƙungiyoyin da ke zuwa Emirates mutum goma suke jerawa a gaban ragarsu, babu filin gudu irin wanda ya saba samu. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ya taɓa wasa a Coventry, ya san irin gwagwarmayar ƙasar. Idan ya ci 15 zuwa 18 a shekarar farko, ni zan ce kuɗin bai tafi a banza ba, amma na san akwai waɗanda za su fara zaginsa idan ya yi wasa uku bai ci ba, kamar yadda wasu suka fara adawa da sayen Madueke a intanet tun kafin ya sa rigar.

Wanda nake ganin zai fi sauya mana wasa shi ne Zubimendi. Idan ya zauna a gaban masu tsaron baya yana rarraba ƙwallo, Rice zai samu 'yancin hawa gaba, kuma waɗannan wasannin da muke mamaye fili mu kasa huda bango za su ragu.

Kada kuma a manta abokan hamayya ba barci suka yi ba. Liverpool ta ɗauko Florian Wirtz da Frimpong daga Leverkusen, da Ekitike da Kerkez. City ba za ta yarda ta maimaita irin kakar bara ba, ga Rodri yana dawowa daga jinya. Chelsea kuma ta doke PSG 3-0 a watan Yuli ta ɗauki kofin ƙungiyoyin duniya. Mai yiwuwa mu fi bara kyau nesa ba kusa ba, kuma duk da haka wani ya fi mu da maki ɗaya.

Gaskiya Ɗaci ta rubuta:

Ɗan Adawa, ba zan musanya ba, na amsa maka kai tsaye. Amma na ga yadda magoya bayan Newcastle suka yi kuka a Wembley a watan Maris da suka doke Liverpool 2-1 suka ɗauki kofin Carabao, bayan shekara 70 babu babban kofin cikin gida, na kuma ga na Crystal Palace a watan Mayu da ƙwallon Eze ta ba su kofin FA, babban kofinsu na farko a tarihi. Babu wanda zai ba jikansa labarin ranar da aka ƙare na biyu. Zan sassauta zuwa nan: idan muka yi takarar Firimiya har makon ƙarshe, sannan muka ɗauki kofin FA, ba zan ce a taɓa Arteta ba. Amma hannu banza karo na shida a jere, wannan kam a'a.

Tsohon Magoyi ya rubuta:

Na gode muku duka, har da baƙonmu na Manchester. 'Yata Gaskiya Ɗaci, na fahimci zafin da kike ji, amma ni na ga shekarun da muka ƙare na 8 sau biyu a jere, a 2020 da 2021, har muka wayi gari babu mu a kowace gasar Turai. Na kuma tuna ƙarshen zamanin tsohon kocinmu Wenger, lokacin da ake yi mana dariya wai matsayi na huɗu shi ne kofinmu, muka raina shi, da ya kuɓuce kuma sai da muka yi shekara shida a wajen Kofin Zakarun Turai. Shi ya sa maganar sauya koci take ba ni tsoro. Shi kansa Ferguson ya zo United a 1986, bai ci gasar ba sai 1993. Na san za ki ce Slot ya ci a shekararsa ta farko, sai dai ginin da magabacinsa Klopp ya yi shekara kusan tara yana yi ya gada.

Duk da haka ina ganin kina da gaskiya a wuri ɗaya: bana babu wanda zai iya fakewa da ƙarancin 'yan wasa, domin kusan kowane gurbi yanzu yana da mutum biyu. Ga abin da na rubuta a littafin yau da safe: ta ɗaya, da sharaɗin kada canjaras ya wuce takwas. A gefe kuma na rubuta cewa ba zan yanke hukunci ba sai bayan wasa biyar na farko, domin a cikinsu za mu je Old Trafford, mu je Anfield gidan Liverpool a ƙarshen Agusta, sannan City ta zo mana a Satumba. Malam Mai Lissafi, maki nawa kake ganin ya kamata mu fita da shi daga waɗannan biyar ɗin? Ni na sa 11.