Neman kalma: wane suna za mu raɗa wa armonika mai abin dannawa a gefe?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina haɗa shirin rediyo na matasa kan sana'o'in da ba mu saba da su ba, sai ga kalma guda ta tsaya mini a wuya. Baƙona na wannan makon ɗan nan Maraɗi ne da ke karatu a Yamai, burinsa ya zama ƙwararren mabushin abin da Faransawa ke kira harmonica chromatique, a fannin kiɗan nan na Turawa da manyan ƙungiyoyi ke yi suna duban takarda. Yana cikin zauren nan, zai faɗi nasa da bakinsa. Ni dai ba zan zauna ina zuba wa mai saurare na Madarumfa ko Gidan Runji Faransanci ba. Ku taimaka da suna.

Mushe mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Kafin wani ya riga ni, kada a ce "mai launi". Gaskiya ne asalin chromatique kalmar Girkanci ce mai nufin launi, amma kana faɗin haka a rediyo, mutum zai ɗauka fenti aka shafa mata. Abin da ake nufi dabam ne. Waɗanda suka yi lakwal sun tuna do, re, mi, fa, sol, la, si, muryoyi 7 ke nan. To akwai wasu 5 da ke maƙale a tsakaninsu, su ne baƙaƙen maɓallan piyano. In ka haɗa sun zama 12. Duk abin busar da ke iya fitar da 12 ɗin nan a jere, shi ake wa wannan laƙabi. Shawarata: armonika mai cikakkun muryoyi.

Inna ta Tibiri:
Mushe, wanga suna naka sai mutum ya sha ruwa a tsakiya. Mu da munka tashi, abin ga ƴan yara ka sayen shi ranar salla su hana kowa barci. Mi za ya hana a ce sarewar Bature a huta?

Ɗalibi a Yamai:
Ina wuni Inna, ina wuni Mushe. Ni ne baƙon da Yaya yake magana. Inna, a yi mini haƙuri, sarewa ba za ta ɗauke ta ba. Sarewa bututu ɗaya ce, yatsu ke toshe ramuka su sauya murya. Ita wannan babu ramin da yatsa ke toshewa. A cikinta ƴan siraran harsuna ne na tagulla a jere, kowane da tsawonsa, iska ta bi ta kansa ya kaɗa ya ba da muryarsa shi kaɗai. Kuma ba busawa kawai ake ba, rabin muryoyin da zuƙa ake samun su.

Ta yaran da kika tuna, mai kyaunta ramuka 10 gare ta da harsuna 20, kuma an ɗaure ta kan hawa ɗaya, akwai muryoyin da babu su a cikinta sam. Tawa ramuka 12 ce, kowane rami harsuna 4, jimla 48. Akwai babbarta mai ramuka 16 da harsuna 64. A rami na farko in na busa do ne, in na zuƙa re. Na biyu mi da fa, na uku sol da la. To a gefen dama akwai wani ɗan ƙarfe da nake turawa da manuniya. Ina tura shi, kowace murya ta hau da rabin taki. Da shi ne nake samun biyar ɗin da Mushe ya ambata.

Mai gyaran rediyo:
Na taɓa kwance irinta, wani ya kawo mini ta cije. Abin da yaron nan ke turawa ba maɓalli ba ne kawai, kan abin ne ake gani a waje. A ciki wani siririn falle ne na ƙarfe mai huji-huji, tsawon armonikar duka, kwance a bayan inda leɓe ke zama. Yana zaune, ya buɗe ƙofofin rukuni ɗaya ya rufe na ɗayan. Ka tura shi, ya rufe waɗancan ya buɗe waɗannan. Ka saki, rasor ya maido shi, abin da ƴan Najeriya ke ce wa sifirin. Wadda aka kawo mini ba komai ya same ta ba sai ƙurar hunturu da busasshen yawu, na wanke fallen na goge ta tashi. Abin da yatsa ke ja ya koma da kansa ai sunansa kunama. Armonika mai kunama.

Inna ta Tibiri:
A'a, ɗana. Da halin da mutanen bakin iyaka ka ciki da ƴan bindiga, ba mu son jin kunama a bakin yaro, ko ta busa ce.

Ɗan Bagalam:
Na bi bayan Inna a nan. Amma ƙanena, kafin mu ci gaba, tambayar da masu saurare za su fara jefo mini ke nan: akwai abinci a cikin abin nan kuwa?

Ɗalibi a Yamai:
Akwai, Yaya, sai dai hanyar siririya ce. Mu nan in an ce orkestur, gita da ganga muke nufi a wajen biki. Tasu ta can taron makaɗa ce masu yawa, kowa da kujerarsa da albashinsa: mai gogen Turawa, mai sarewa, mai ƙaho. Armonika ba ta da kujera a ciki. Babu wanda zai ɗauke ka aikin wata-wata. Sai dai a gayyato ka baƙo, ka tsaya a gaba kai kaɗai ƙungiyar na rufa maka baya, a biya ka na wannan dare, ka kama hanya neman wata gayyatar.

Waɗanda suka fasa wannan hanya sanannu ne. Larry Adler, haifaffen Baltimore ta Amurka a 1914, shi ya sa manyan masu tsara kiɗa suka fara ɗaukar abin da muhimmanci, har Vaughan Williams na Ingila da Darius Milhaud na Faransa suka rubuta masa nasa na kansa. Villa-Lobos na Burazil ya rubuta wa John Sebastian babban kiɗa na armonika da ƙungiya a 1955, wanda har yau shi ne ma'aunin da ake gwada mabushi da shi, kuma Robert Bonfiglio ya zaga duniya da shi. Duk da haka abin da aka rubuta domin armonika kaɗan ne. Dole ka ɗauko na goge ko na sarewa ka juya shi ya dace da numfashinka, ko ka lallaɓi masu tsarawa su rubuta maka sabo. Ragowar abincin daga koyarwa yake fitowa, da busa a kiɗan fim da talla, da ƙananan taruka kai da mai piyano.

Inda ake nuna kai kuwa Trossingen ne, wani ɗan gari a kudancin Jamus inda Matthias Hohner ya kafa masana'antarsa ta armonika a 1857. Can aka kafa makarantar kiɗa mai koyar da ita, kuma duk bayan shekara 4 ana babban taron mabusan duniya da gasa. Ni yanzu abin da nake fama da shi karatun rubutun kiɗa ne. Kunne kaɗai ba ya kai mutum can, don za a miƙo maka takarda ne a ce gobe da safe a haɗu.

Mushe mai ritaya:
Ka bar wanda ni ya fi burge ni, Tommy Reilly ɗan Kanada. Goge yake koyo a Leipzig lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939, Jamusawa suka kama shi, ya ƙare yaƙin duka a tsare. A can ya duƙufa kan armonika, ya ɗora mata ladabin da ya koya a goge. A 1967 ya sa aka ƙera masa ta azurfa. Almajirinsa Sigmund Groven na Norwe ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ga dalilin da ya sa na kawo shi. Duk waɗannan mutane, da babu ɗan ƙarfen nan na gefe, babu mai tsara kiɗan da zai ɓata tawadarsa a kansu, don kiɗan nasu yawo yake daga hawa zuwa hawa, mai ramuka 10 ba ta iya bin sa. Ashe ƙarfen shi ne sana'ar. Don haka na janye "cikakkun muryoyi" in har za a samu sunan da ke nuna shi. Kunne ba ya ƙirga muryoyi, amma ido na ganin yatsa na shiga na fita.

Ɗan Bagalam:
To mai maɓalli?

Mai gyaran rediyo:
Salula ma mai maɓalli ce, riga ma haka. Kuma wanda ya san akodiyon zai ɗauka ita ake nufi.

Inna ta Tibiri:
Ku dakata. Kai mai gyara, ka ce ƙarhe ne shimfiɗaɗɗe, a tura shi gefe ya rufe ƙofa, a maido shi ya buɗe? To wanga ai sakata ce. Kowace ɗiya ta san sakata tun ba ta kai tsawonta ba.

Mai gyaran rediyo:
Inna, sakata in kin zura ta nan take zama sai kin zare. Wannan kuwa kina sakin yatsa ya dawo.

Mushe mai ritaya:
Malam, keken ɗinki ina yake zuwa? Amma keke muke ce masa, babu wanda ya taɓa hawa shi ya nufi kasuwa. Suna ba ya ɗaukar duk halin abu, hali ɗaya yake kamawa wanda ya fi fitowa. A nan halin shi ne zamewa gefe, da buɗe wata ƙofa a rufe wata. Kuma duba yadda take ba da aikatau ba tare da wahala ba: tura sakata, saki sakata, sakata ta cije. Malami zai iya ce wa almajiri "a nan do ce da sakata". Gwada faɗin haka da maɓalli ka ji yadda yake nauyi.

Ɗalibi a Yamai:
Wallahi ta zauna, Mushe. Na gwada yanzu a bakina: "fa da sakata, sol ba sakata". Har ta fi abin da nake faɗa da Faransanci sauri.

Tunda an ambaci cijewa, Yaya ka saka wannan a shirin don masu sha'awa. A garinmu abokan gabarta uku ne. Ƙura, ita ce ke cije sakatar. Sai gyaɗa da ƙuli-ƙuli da goro: ɗan ɓarɓashi guda ya shiga ƙarƙashin harshe, muryar ta mutu, don haka sai an kurkure baki kafin a ɗauke ta. Na uku bushewar iska. Mai gangar jiki ta katako tana shan danshin baki ta kumbura, ta bushe ta tsage, gara mai jikin roba. Da sanyin safiya kuma sai na ɗumama ta a hammata kafin in busa, in ba haka ba ƴan ledojin da ke rufe harsunan su manne su dinga ƙara. Nan babu mai gyaranta, kayan gyaran ma sai an yi odarsu, ko gyaran muryar harshen da ya sauka da kanka za ka koya, da ɗan magagari.

Ɗan Bagalam:
Saura shi nau'in kiɗan. Na rubuta "kiɗan gargajiyar Turawa".

Mushe mai ritaya:
Goge shi. Gargajiya a wurinmu abin da ɗa ya ji a bakin uba ne, kamar yadda mai algaitar fada ke gadon take. Nasu kuwa mutum ɗaya sananne ya zauna ya rubuta kowace murya, bayan shekara 200 a buga shi yadda ya bari. Su ma suna da nasu na gargajiya dabam, na ƙauye. Ka ce rubutaccen kiɗan Turawa. Kuma yaron nan mabushi ne, ba makaɗi ba, kada a ba shi sunan masu kalangu.

Ɗan Bagalam:
Madalla. Ga abin da aka tsayar: sunan gidan armonika, ba mu taɓa shi ba tunda bakin mutane ya riga ya karɓa, tamace ce, jam'i armonikoki. Mai ramuka 10, ƙaramar armonika ko marar sakata. Ta ƙanena, armonika mai sakata. Shi kuma mabushin armonika mai sakata, a fannin rubutaccen kiɗan Turawa. Inna, Allah ya ƙara girma.

Mai gyaran rediyo:
Na bi jama'a, amma a rubuta cewa ban gamsu da zancen rasor ba. Sannan ƴan ledojin nan da yaron ya ambata, da ke tare iska kada ta zurare, su ma ba su da suna. Ni marfi nake ce musu.

Mushe mai ritaya:
Marfi kuma ai ya riga ya zama na ƙarfen da ke rufe ta sama da ƙasa. A buɗe musu nasu zaren dabam.