Me za mu kira ƙarafan da ke riƙe gilashi a bakin daɓen katako?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamai da masu sana'a. Yayana yana ƙarasa gini a nan Damagaram, kuma a saman benen ya sa an yi masa wurin shan iska da aka shimfiɗe da katako, yana so a kewaye bakinsa da gilashi domin kada yara su faɗo, shi kuma ya riƙa hango duwatsun tsohuwar unguwar Birni ba tare da wani abu ya tare masa gani ba. Dillali ɗaya ya aiko da takardar kaya da Faransanci, wani daga Kano ya aiko da tasa da Ingilishi, sai aka ɗora mini aikin mayar da su Hausa saboda kafinta da mai walda. Shimfiɗar kanta na kira ta daɓen katako, kuma babu wanda ya yi gardama. Inda na maƙale shi ne abin da Faransawa ke kira garde-corps, wato abin da zai kewaye bakin daɓen ya hana faɗowa, da ƙananan ƙarafan da ke riƙe gilashin, waɗanda takardar Faransanci ta kira pince à verre, ta Ingilishi kuma ta raba su zuwa spigot da clamp da standoff. A wurin aikin kowa "ƙarfen nan" yake ce musu, alhali kuwa farashinsu da aikinsu ba ɗaya ba ne. Tun da a shekarar 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ina ganin bai kamata takardar sayen kaya ta gagare ta ba.

Dattijon magini:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na farkon ai yana da suna tun kafin zuwan Nasara. Ɗan ginin da muke ɗagawa a bakin rufin soro rawani muke ce masa, kuma duk wanda ya bi lungunan Birni ya ɗaga kai zai gan shi tare da zanko da indararo. Ka rubuta rawanin gilashi ka wuce.

Malamin Hausa:
Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar tana da daɗin ji, amma ina da ja a kanta. Rawanin soro yana kare bakin gini ne yana kuma ƙawata shi, ba a auna tsayinsa da jikin mutum, wani ma bai kai gwiwa ba. Wannan kuwa an yi shi ne domin ya tare wanda ya jingina ko ya yi tuntuɓe, shi ya sa ƙa'idar Faransa ta ce kada ya gaza mita 1, ta Ingila kuma mita 1.1 a barandar waje. Idan aka ce wa ma'aikaci rawani, zai iya kawo gilashi mai santimita 60 ya ce ya cika aiki. Shingen gilashi ya fi tsare ma'ana, domin duk Bahaushe ya san shinge hana ƙetarawa yake yi.

Dattijon magini:
Na karɓa, Malam. Shinge ne.

Mai walda:
Malam, kafin a raɗa suna bari in faɗi yadda abubuwan suke a hannu, don na taɓa ɗaura su a wani gida. Na farko, wato spigot, gajeren ƙarfe ne mai nauyi, tsayinsa bai fi taƙi guda ba, gindinsa faffaɗa mai ramukan noti, samansa kuma a tsage. A wannan tsagar ake zura gilashin a tsaye, a sa roba gefe da gefe domin kada ƙarfe ya taɓa shi kai tsaye, sannan a ɗaure ƴan notuna har ya kama. Ba a huda gilashin, kuma yawanci biyu ake sa wa kowane falle. Na biyu, wato clamp, ƙarami ne, a jikin sandar ƙarfe ake ɗaura shi ya cije gilashin daga gefe. Na uku, wato standoff, zagayayye ne kamar marfin kwalba, shi kam sai an huda gilashi ya ratsa ya kama gefen daɓen daga waje. Akwai kuma doguwar kwarya ta alminiyam da gilashin ke zama a cikinta tun daga wannan kusurwa har waccan. Ni dai da na ga pince sai na ce awartaki.

Malamin Hausa:
Awartaki fassarar kalmar ce daidai, sai dai kayan aikin maƙeri ne, ana kama ƙarfe da shi a saki a rataye. Idan ka aiki yaro Kasuwar Dole ya sayo awartaki goma sha biyu, ka san abin da zai dawo da shi. Hausa tana da hanyarta ta ƙera sunan kayan aiki daga aikatau, yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, duba ya ba mu madubi. Riƙe ya riga ya ba mu mariƙi, saboda haka ina ba da shawarar mariƙin gilashi ya zama sunan da ya haɗa su duka, jam'insa mariƙai. Ƙaramin da ke jikin sanda kuma a ce masa mamatsi, tun da matsewa ce dukan aikinsa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na farkon, kuma shi nake so mu kira turken gilashi. Turke gajere ne, a tsaye yake, ba shi da abokin jingina, kuma abin da aka ɗaure masa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Haka wannan ƙarfe yake: gilashi mai tsawon mita guda da kaurin milimita 12 ko fiye, wanda kowace murabba'in mita tasa ke da nauyin aƙalla kilo 30, yana tsaye ne a kan ɗan abin da ya kama shi daga ƙasa kawai. Na yi tunanin ƙafa, amma ƙafa ɗaukar nauyi kaɗai take nunawa, ba ta nuna cewa an kafa abin a cikin wani abu ba.

Dattijon magini:
To, Malam, yanzu ka zo inda nake da ta cewa. Duk mai kiwo ya san ƙarfin turke yana ga ƙasar da aka kafa shi, wanda aka kafa a rairayi ko ɗan akuya ma tuge shi yake yi. Katakon da ake takawa a saman daɓe siriri ne, shi ne rairayin. Idan mutum ya jingina da saman gilashi, tsawon gilashin yana ninka ƙarfin turin sau da yawa kafin ya isa gindin turken, kamar yadda ake ɓamɓare dutse da dogon ƙarfe. Dole notin ya ratsa katakon ya kama manyan itatuwan da ke kwance a ƙarƙashi, waɗanda ni azara nake ce musu, ko da ba na giginya ba ne, tun da aikinsu guda. Inda turke ya faɗa tsakanin azara biyu, sai kafinta ya gitta guntun itace mai kauri ya ɗaure shi da su, noti ya fita ta ƙasa a sa masa zoben ƙarfe mai faɗi. Kuma, ɗana, ka rubuta wa yayanka cewa itace a ƙasar nan kumbura yake yi da damina, ya tsuke idan iskar hunturu ta busa, saboda haka notin da aka ɗaure tam a watan Agusta zai iya yin sako-sako kafin Fabrairu. A bar ƙofar da hannu zai shiga ƙarƙashi a ƙara ɗaurewa, a kuma duba gara.

Mai walda:
Gaskiya ne, Baba. Doguwar kwaryar nan kuwa kwami ya dace da ita, don kamar na shayar da dabbobi take, kuma halinsu ɗaya wajen tara ruwa. Idan babu ramukan zurarewa, ƙura ta cika ta, ruwan farko ya mayar da ita taɓo a kan katako. Sannan ina roƙon kada a fassara inox da ƙarfe marar tsatsa a tsaya nan. A bar shi inoks, a rubuta lambarsa. Mai lamba 316 yana da sinadarin da ke jure gishiri, domin bakin teku da bakin wurin ninƙaya mai kulorin aka fi buƙatarsa. Mu da ke nesa da teku 304 ya ishe mu, muddin notunan ma na inoks ne.

Malamin Hausa:
Na yarda da kwami, na yarda da inoks. Zagayayyen nan mai ratsa gilashi ne ban gama natsuwa da sunansa ba. Maɓalli ya dace da siffarsa, yana kuma tuna wa mutum cewa sai da rami yake shiga, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, domin gilashin da ake irin wannan shinge da shi gasasshe ne, an zafafa shi fiye da digiri 600 aka huce shi da gaggawa, kuma bayan haka ba ya yankuwa ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi ƙanana-ƙanana. Wanda ya zaɓi wannan mariƙi tilas ya aika da awon ramukan tun kafin a gasa. Damuwata ita ce maɓalli ya riga ya yi wa riga aiki, ya yi wa fitila da waya, kada nauyin ya yi masa yawa. A rubuta maɓallin gefe na ɗan lokaci, har mu ji ta bakin wasu.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode, Malam, da kai ma maigidan walda. Na rubuta a takardar cewa shingen gilashi ne mai tsayin mita 1.1, gilashin gasasshe mai ninki biyu da roba a tsakani domin ko ya fashe ya tsaya a wurinsa, turken gilashi na inoks 304 biyu ga kowane falle, kowanne a kan azara. Da na karanta wa kafinta da safiyar yau, sai ya ɗauki awo ya bi bakin daɓen yana ƙirgawa, ya ce turaku huɗu sun faɗa inda babu azara, kuma tun kafin azahar ya ɗaga katako uku domin ya gitta musu itace a ƙasa.