Irin tumatir "mai jure cuta": gaskiya ne ko dabarar masu sayar da iri ce?

Manomin Kadawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau dai sai na faɗi abin da ke raina ko da za a yi min ca. Wannan magana ta iri mai jure cuta ni wlh na daina yarda da ita. Bara na sayi irin gwangwani mai tsadar gaske, an jera haruffa a jikinsa wai yana jure kaza yana jure kaza, na yi reno na dasa eka ɗaya da rabi, zafi na shigowa wajen watan Maris sai na ga shuka tana yaushi da rana, na tuge guda ɗaya na ga saiwar duk ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Maƙwabcina da ya shuka tumatir ɗin UTC, irin da ya wanke da hannunsa, shi ma ya samu matsalar, amma shi ai bai kashe abin da na kashe ba. Ni a ganina babu wani iri da yake daɗewa, cuta kullum ita ke cin galaba, kuma masu irin sun sani, so suke mu riƙa komawa wurinsu duk shekara.

Ɗan Kura: Allah ya biya ka. An daɗe ana cin kuɗinmu. Lokacin sharon a 2016 ina irin nasu yake? Gona ɗaya bai tsallake ba, har Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Ɗan Kura ka haɗa abu biyu. Sharon ƙwaro ne ba cuta ba, wani ɗan malam-buɗe-littafi ne da tsutsarsa ke shiga cikin ganye ta cinye, sunansa Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ya fito ya shiga Sifaniya a 2006 sannan ya gangaro mana. Babu gwangwanin da aka rubuta maka cewa yana jure shi. Haruffan nan kowanne da abin da yake nufi, misali Roma VF ɗin da iyayenmu suka sani, V da F ɗin cututtukan ƙasa ne guda biyu masu sa shuka ta yi yaushi, su kaɗai aka yi maka alkawari. In ka ga N shi ne na ƙullin saiwar da Malam yake magana.

Manomin Kadawa: To ai da N ɗin a jikin nawa malam, na duba. Shi ne kuma ya ci ni. Sai ka ce me?

Malamin Gona: Sai in ce ka ba ni lokacin da kanka, ka ce watan Maris. Ƙullin nan wata tsutsa ce ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani take jawo shi, kuma juriyar da ke cikin kusan duk irin da ake sayarwa daga ƙwayar gado guda ɗaya take, ana ce mata Mi, an samo ta daga tumatir ɗin daji na ƙasar Peru. Matsalarta sananniya ce, in zafin ƙasa ya haura digiri 28 sai ta daina aiki. Yanzu don Allah ƙasar Kadawa a watan Maris da azahar nawa kake jin take kaiwa? Ba ƙarya aka rubuta ba, amma wanda ya sayar maka ya kamata ya gaya maka cewa ka dasa da wuri cikin sanyi.

Ɗan Kura: Ka ji ko. Ashe an ƙera shi ne don ƙasar masu sanyi aka kawo mana. Ai maganar Manomin Kadawa ce ta fito.

Ɗalibar Samaru: Baba Manomin Kadawa ka yi haƙuri in ɗan sa baki. Rabin maganarka gaskiya ce, cuta tana canjawa, ba wanda ya isa ya musa. Amma "babu irin da yake daɗewa" ɗin ne ban yarda ba. Akwai wata ƙwayar gado a tumatir da ake kira Tm-2², ta yi fiye da shekara 40 tana kare tumatir a duniya daga wani bairos mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, sai a 2014 da 2015 aka ga sabon bairos a Isra'ila da Jodan wanda ya karya ta. Eh ya karye daga ƙarshe, amma shekara 40 fa Baba, mutum ya yi aure ya aurar da 'ya'yansa yana cin moriyarta. Wasu kuma ba sa daɗewa ko kaɗan, a dankalin Turawa an yi ta saka juriya ɗaya-ɗaya ga cutar da ke ƙona ganye lokacin damshi, cutar tana karya su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa yanzu masu bincike ba sa so su dogara da guda ɗaya, tarawa suke yi biyu ko uku a iri ɗaya, kamar ka sa wa ƙofa kwaɗo uku kowanne da mukullinsa daban, ɓarawon da ya iya buɗe ɗaya sai ya tarar da saura.

Manomin Kadawa: 'Yata Allah ya yi albarka, amma ku a takarda kuke gani. Kwaɗo ukun nan a wace kasuwa ake sayar da shi?

Ɗalibar Samaru: Amin Baba. Akwai cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan, World Vegetable Center, sun fitar da layukan tumatir da suka haɗa ƙwayoyin gado na juriya Ty-2 da Ty-3, duka na cutar nan ce da farin ƙuda ke yaɗawa, wadda ganye ke nannaɗewa ya yi rawaya shuka ta tsugune ba ta ƙara tsawo. Kuma su ba kamfani ba ne, suna ba wa cibiyoyin bincike da masu iri su ci gaba da aiki a kai. Mu ma nan muna da cibiyoyin binciken noma, NIHORT a Ibadan da IAR a nan Samaru. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne kafin abin ya iso shagon da kake sayen iri tafiya ce mai nisa, kuma a hanya jabu na shiga.

Baba Na Bakin Dam: Ni shekarata talatin da wani abu ina noman rani, ban taɓa sayen iri sau biyu a jere ba. In na ga tumatir mai kyau in matse in wanke in shanya a inuwa in zuba a kwalba da toka. Wannan na gwangwanin na gwada wanke shi sau ɗaya, abin da ya fito kamar 'ya'yan gidan haya, wani dogo wani gajere wani mai ruwa wani ƙanana kamar gauta. In ba mugunta ba me ya sa za a yi iri da ba ya haifar kamarsa?

Malamin Gona: Baba ranka ya daɗe, ba asiri aka yi masa ba. Wanda aka rubuta F1 a jiki ɗan iyaye biyu ne mabambanta, 'ya'yan farko duk kamarsu ɗaya, jikoki kuwa sai kowa ya ɗauko nasa kakan. In juriyar daga ɓangare ɗaya ta zo, cikin kowace shuka huɗu da ka wanke ɗaya za ta fito babu ita kwata-kwata. Amma ba zan ɓoye ba, wannan ya yi wa kamfani daɗi, shi ya sa ƙarfinsu ya fi tafiya can. UTC ɗinka kuma da kake wankewa, shi ma fa ba daga kakanninmu ya zo ba, sunansa UC82B, jami'ar Kalifoniya ce ta fitar da shi don masana'antar tumatir ɗin gwangwani. Irin bincike ne da ya zauna har ya zama ɗan gida.

Baba Na Bakin Dam: To su ƙara yin irinsa mana, mai kwaɗo ukun amma wanda zan iya wankewa. Wannan ba zan yi gardama da shi ba.

Dillalin Kwanar Gafan: Ku kuna ta maganar cuta ni kuma kwando nake kallo. Wlh ko iri ya jure cutar duniya duka in ya kwana biyu a mota ya zama ruwa kafin kasuwar Mile 12 ta Legas ba mai sake tambayarsa. 'Yan Legas mai tauri suke so, fata mai kauri, ja sosai, wanda in ka danna da yatsa bai lotsa ba. Akwai wani da aka kawo shekarun baya ganyensa kore shar ba cuta ba komai, yabanya kamar ka yi hoto, amma an ɗora kwando kan kwando kafin a wuce Lokoja na ƙasa ya fara tsiyaya, daga wannan shekarar ba wanda ya ƙara shuka shi a wajenmu.

Hajiya Mai Kauɗa: Gaskiyarka ɗan uwa. Ni da nake yanka ina shanyawa mai ruwa asara ne a wurina, kwando guda ka shanya ka kwashe abin da bai cika kwano ba. Mai tsoka nake nema. Kuma masu binciken nan wa ya taɓa ganin sun zo sun tambayi mace wane tumatir ne ke kama miya?

Ɗalibar Samaru: Hajiya wannan tambayar ta fi ƙarfina, na karɓa. 😅

Ɗan Kura: Kasuwa kasuwa, ina kamfanin Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 aka ce zai riƙa markaɗa tan 1,200 kullum? Sau nawa yana tsayawa saboda babu tumatir?

Malamin Gona: To ai wannan hujjata ce ba taka ba. Injin irin wannan yana so ne a riƙa kawo masa kaya wata da watanni, mai tsoka wanda ke nuna lokaci ɗaya, mu kuma nomanmu duk a cikin 'yan watannin sanyi yake, kowa ya kwaso lokaci ɗaya farashi ya faɗi ƙasa, damina ta zo kwando ya yi tsadar da talaka sai kauɗa. Sabuwar kasuwar da nake gani ba Turai ba ce, damina ce. Abin da ke hana mu ita kuwa cuta ce, musamman wadda shuka ke yin yaushi farat ɗaya tana kore ta mutu. In kana so ka gane ta, yanke karan kusa da ƙasa ka tsoma bakin a kofin gilas mai ruwa mai tsabta ka bar shi ya natsu, in ka ga wani abu fari kamar zaren madara yana sauka daga karan to bakteriya ce, kuma feshi ba ya yi mata komai, ko ka zuba kuɗinka duka. Nan dole sai iri mai juriya, ko canjin shuka, ko a yi wa tumatir aure a kan saiwar yalo mai jurewa kamar yadda ake yi wa mangwaro, a Asiya suna yi sosai.

Baba Na Bakin Dam: Tumatir ɗan aure kuma? Duniya ta zo ƙarshe.

Na Galmi: Gaisuwa daga Nijar. Ni dai albasa na sani. Albasarmu ta Galmi manoma ne ke fitar da irinta da kansu, tana zuwa Gana tana zuwa Abijan, ba gwangwani ba F1. Abin da ya kai ta can ajiya ce, tana daɗewa ba ta ruɓe da wuri ba. Don haka ni ina bayan Baba, a gyara wanda ke hannun mutane.

Manomin Kadawa: Malamin Gona na ji batun zafin ƙasa kuma na yarda ban dasa da wuri ba, ruwa ne bai zo mana kan lokaci ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa wanda ya karɓi kuɗina bai gaya min ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Bana zan raba gonar biyu, rabi UTC rabi na gwangwanin, rana ɗaya zan dasa su a farkon Nuwamba, taki ɗaya ruwa ɗaya, in ƙirga kwandon kowanne.

Dillalin Kwanar Gafan: Ka ware min kwando bibbiyu daga kowanne in ɗora a motar Legas, in sa yaron mota ya ɗauko hoto in an sauke.

Malamin Gona: Kafin nan ka turo min hoton gwangwanin gaba da baya in ga haruffan, kuma wannan ɓangaren da ya yi ƙullin saiwa kar ka mayar masa da tumatir bana, sa masa albasa ko masara.

Manomin Kadawa: Gwangwanin yara sun mayar da shi asusu, bari in karɓo.