Filin da makiyaya ke bi, da gaske banza ne?

Malam Idi, Tawa

Assalamu alaikum. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa, iyayena manoma ne a wajen Keita. Tun ina yaro abin da nake ji shi ne shanu da awaki ke cinye daji har rairayi ya taso mana. Yanzu ƙanen mahaifina yana son haɗa kuɗi da wasu 'yan kasuwa su kewaye wani makeken fili arewa da Abalak da waya, rabi su shuka hatsi, rabi su tara ciyawa su kai kasuwa da rani. Ya ce filin yana zaune banza, ba kowa sai masu wucewa da garke. Ya nemi in sa hannu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Masu sanin harkar kiwo, ku fitar da ni daga duhu. Doka ma ta yarda da haka?

Baba Alhaji, tsohon ma'aikacin kiwo

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sa ko dala. Tun 1961 akwai doka a nan Nijar mai lamba 61-05 da ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke bayan wannan iyaka yankin kiwo ne. Dokar kiwo ta 2010, mai lamba 2010-029, ta sake tabbatar da iyakar, ta ce yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Na san an keta, gonaki sun haura arewa ƙwarai, amma yawan masu ketawa bai soke dokar ba.

Maganar banza kuma, ni da na yi aiki tsakanin Abalak da Cintabaraden, ita ce ta fi yi mini ciwo. A can ruwa ba ya sauka bai ɗaya. Bana kwarin nan ya samu, baɗi sai ka tarar da shi fayau, ciyawa ta koma wani wuri mai nisan kwana uku. Gona ba ta iya tashi ta bi ruwa, garke yana iyawa. Kuma dabba ba ci kaɗai take yi ba. Ta ci 'ya'yan gawo da kandili da bagaruwa, ƙwayar ta bi ta cikinta ta yi laushi, ta faɗi da kashi a wani wuri ta tsiro. Karangiya ta maƙale a jikinta ta kai ta gaba. Kofato ya tusa iri cikin ƙasa. Busasshiyar ciyawar da ba a ci ba kuwa, ita ce abincin gobarar daji idan iskar hunturu ta taso.

Inda na ga ƙasa ta mutu da idona shi ne kewayen manyan famfuna da bakin garuruwa, inda dabbobi ke tsaye shekara gaba ɗaya, da burtalin da gonaki suka matse har ba abin da ke fita sai garmani, wanda dabba ba ta damu da shi ba. Sai kuma masu kwasar ciyawa da manjagara, su share har da iri, su bar ƙasa tsirara iska ta kwashe. Wannan ne ƙanen mahaifinka yake shirin yi.

Hajiya Rabi, Madawa

Baba, na ji bayaninka, amma mu da ke kudu a faɗi tamu ma. Bara garke ya shiga gonar wakenmu da dare tun ba mu gama ɗiba ba, da safe ko sawun mai shi ba mu cim ma ba. Wahalar damina guda ke nan. Ban ce duka haka suke ba. Mahaifina da kansa yake kai wa Fulani damin hatsi su sauka a gonarsa bayan girbi don taki, matansu su ba mu nono mu ba su gero. Yanzu kowane manomi yana da tumakinsa, karan ma tarawa muke mu ɗora kan itace. To ina za su sauka, mu kuma wa zai biya mu?

Ɗan Azawak, ɗalibi a Yamai

Hajiya, Allah ya mayar da alheri, wanda ya yi miki ɓarna ya ci haƙƙinki. Ni ɗan makiyaya ne, ina so in ƙara abu ɗaya a kan na Baba. Shanun Azawak da ake yabo saboda madara, da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, da tumakin Uda, kakanninmu ne suka yi ta zaɓen su a wannan daji har suka iya jure ƙishi da doguwar tafiya. In aka tsayar da yawo, iri ne ake kashewa wanda ba a sayo shi a ko'ina. Tafiyar da ake yi zuwa Ingal ƙarshen damina don lasar gishiri ma, ita ke janye garke daga kudu daidai lokacin da hatsinku ke tsaye.

Namun daji kuma har yanzu akwai su a ƙasar kiwo. Gandun Gadabeji da ke Dakoro, makiyaya ne kewaye da shi, can kuma aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar filayen kiwo da makiyaya, bisa shawarar ƙasar Mongoliya, don kusan rabin doron ƙasa irin wannan fili ne. Malam Idi, cukun da kake saye a kasuwar Tawa daga filin nan yake fitowa.

Baba Alhaji

Hajiya, kina da hanya. Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki a kowace jiha, dabbar da ta shiga kafin ranar mai ita zai biya. Ana fara kai ƙara wurin mai gari ko sarki, a auna ɓarnar gaban wakilin manoma da na makiyaya. Kai kuma Malam, ka ja ƙanen mahaifinka ku je ofishin COFO na Abalak, hukumar filaye, ku nemi a nuna muku matsayin filin a takarda kafin a sayi waya ko ƙulli ɗaya.