Wa ya taɓa fama da kwanan watan fayil bayan git clone?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum jama'a. Ni ke kula da shafin wata Islamiyya a unguwarmu, jiya na canza kwamfuta na yi clone sabo, wato na sake sauko da fayilolin shafin daga git, manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyaren fayiloli, ina buɗe FTP, abin da nake tura fayiloli zuwa shafin da shi, sai ya ga kowane fayil kamar yau aka rubuta shi, ya kama tura komai daga farko har da hotunan saukar karatu na bara, kafin in farga datata ta tafi. Ashe git ba ya ajiye lokacin fayil, lokacin da ka sauke shi yake manna masa. Ya kuke yi?

Injiniya Hotoro: Wa alaikumus salam. Malam da gangan aka yi shi haka, saboda make, abin da ake haɗa manhaja da shi daga fayilolinta, da lokacin fayil yake gane abin da zai sake haɗawa, in ka koma tsohon reshe na aikin a git, fayil ya zo da tsohon kwanan wata sai ya ɗauka ba abin da ya canza ya tsallake shi. Na taɓa gyara lokutan da hannu, na kwana ina neman matsalar da tun la'asar na gyara ta.

Maman Ilham: Ni git-restore-mtime nake sawa, yana cikin apt, inda ake sauke manhajoji a Debian da Ubuntu, yana ba kowane fayil lokacin commit ɗin da ya taɓa shi na ƙarshe, wato gyaran ƙarshe da aka ajiye masa a git. Amma ku kula don Allah, in da --depth 1 ka yi clone don tsimin data to commit ɗaya ne kawai a hannunka, duk fayilolin lokaci ɗaya za su samu, sai ka jawo tarihin gaba ɗaya tukuna. Wannan ya ci min yini guda.

Ɗan Sabon Gari: Ni da kaina na rubuta umarnin da zai yi wannan aikin, git log -1 --format=%ct kan kowane fayil sai touch -d ya ɗora lokacin. Yana yi amma akwai nawa, an ɗauke wuta batir ya mutu bai kai rabi ba.

Injiniya Hotoro: A SVN, wata manhaja mai irin aikin git, layi ɗaya ne fa a saitinta, use-commit-times = yes shi ke nan.

Ɗan Kurna: Hajiya na gode, na gwada naki yanzu, fayil biyu kawai ya tura.