Hasken luminol yana ɓace mini a CCD

Jama'a, sannunku da aiki. Kwana huɗu ke nan na rasa gaba na rasa baya. Ina auna bakan hasken (wato ƙarfinsa a kowane launi) da sinadarin luminol ke fitarwa idan ya haɗu da sinadarin hydrogen peroxide (H₂O₂), famfo ke turo samfur ɗaya bayan ɗaya. A ɗaki mai duhu idona na ganin shuɗin sarai, amma a CCD, na'urar da ke ɗaukar hasken, hayaniyar lantarki ta binne tsinin siginar da ya kamata ya fito wajen tsawon zango na nanomita 425.

Na sanyaya na'urar, na cire karatun duhu (abin da take nunawa idan babu haske), na kai pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsami, zuwa 10.5, shiru. Da na tsawaita tara haske zuwa daƙiƙa 5 tsinin ya leƙo, sai dai samfura biyu sun cakuɗe a karatu guda.

Idan na haɗe fiksal-fiksal (ƙananan ɗigogin CCD masu karɓar haske) wuri guda, siginar za ta ƙaru ba tare da siffar bakan ta lalace ba?