Siririn Kara da Lanƙwasa Ƙaramar Shukar Wiwi: Shawarwarin Masu Shuka

A ƙasashen da doka ta yarda a shuka wiwi a gida, irin su Jamus da ta amince wa baligi da tushe uku tun 2024, kukan sababbin shiga ɗaya ne: tsiro ya yi tsayi, kara siriri, har ya kwanta.

Waɗanda suka daɗe a harkar kusan duk sun ɗora laifin a kan ƙarancin haske. Tsiron yana miƙewa ne neman fitilar da ake haska shi da ita a cikin ɗaki, don haka a matso da ita, amma a sa bayan hannu daidai saman ganyen. In zafin ya dame ka, zai ƙona shi. Wanda ya riga ya zarce, a binne karansa har kusa da ganyen farko lokacin sauya tukunya. Fanka ma tana taimakawa, iska kaɗan yadda ganye zai riƙa rawa, domin wannan girgizar ce ke sa kara ya yi kauri. Yawan ban ruwa kuwa ruɓar da gindi yake yi.

A kan yadda za a sa shukar ta bazu maimakon ta yi tsayi ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a datse kan shukar idan ta kai gaɓa huɗu zuwa shida, ta fid da kai biyu. Wasu sun fi son a karkatar da ita a hankali, a ɗaure da waya mai laushi a bakin tukunya. Ga sabon shiga na biyun ya fi, musamman da irin da ke yin fure da kansa da zarar ya kai wasu makonni ba tare da an sauya masa lokacin haske ba, tunda ba shi da lokacin warkewa daga yanka. Idan kara ya tsage wajen lanƙwasawa, a naɗe wurin da tef, yakan haɗe.